Yadda Ake Duba Tsohuwar Motar Tsere Kafin a Biya Kuɗinta a Kano

Motocin da nake magana a kansu su ne masu ƙofa biyu, masu kwanciya a ƙasa, waɗanda aka ƙera don gudu da ƙawa tun daga wajen 1960 zuwa ƙarshen shekarun 1980. A cikinsu akwai Marsandi SL samfurin R107 da aka yi daga 1971 zuwa 1989, da Datsun 240Z da ta fito a 1969, da MGB ta Ingila da aka daina ƙerawa a 1980, da Porsche 911 mai inji a baya. Ba a cika samun su a wajen dillalan bakin titi ba. Galibi suna kwance ne a tsofaffin gidajen Nassarawa da Bompai, an lulluɓe su da tamfol, mai su ya tsufa ko ya riga mu gidan gaskiya. Na duba irin waɗannan motoci sau da yawa, wasu don kaina, wasu don abokai, kuma abin da na fahimta shi ne mai saye bodi da takardu yake saye. Inji ko ya buga, akwai masu tashinsa a garin nan, amma bodin da tsatsa ta cinye ko motar da takardunta suka rikice, waɗannan suna iya cinye ninkin kuɗin da aka saye ta.

Kayan da za ka tanada

Ka ɗauki tocila mai haske sosai, da ƙaramin maganaɗisu da ka naɗe a siririn ƙyalle don kada ya karce fenti, da sukudireba mai faɗin baki, da farin tsumma, da ƙaramin madubi, da tabarma ko kwalin da za ka kwanta a kai. Ka ƙara da jak mai ƙarfi da ƙarafan tokare mota, da sifanar cire fulogi, da batir mai cikakken caji, da galan ɗaya na sabon fetur. Idan bakanikenka yana da ma'aunin ƙarfin matsin inji, wanda kanikawa ke kira ma'aunin komfureshan, ya taho da shi. Idan ba ka sami maganaɗisu ba, na jikin tsohuwar lasifikar rediyo yana aiki, sai dai yana da ƙarfi, don haka ka ninka ƙyallen.

Sai mutane biyu: bakaniken da ya yi zamani da kafireto, da mai gyaran bodi. Matashin da ya saba jona kwamfuta a mota ta faɗa masa ciwonta ba zai amfane ka a nan ba, domin waɗannan motoci ba su da inda ake jona ta. A Kwakwaci da Ƙofar Ruwa har yanzu ana samun dattawan da suka koyi aiki a kan Peugeot 504 da Marsandi da Volkswagen Beetle. Kai za ka biya su kuɗin wuninsu, kuma kada ka yarda da bakaniken da dillali ya kawo.

1. Ka zaɓi samfuri ɗaya kafin ka fita nema

Kuskuren farko da sabon shiga yake yi shi ne ya ce kowace tsohuwar mota mai kyau ya samu zai saya. Kowane samfuri yana da ciwonsa, kuma sai ka san ciwon za ka san inda za ka haska tocila. A ganina Marsandi R107 ta fi dacewa da mai farawa a Kano, saboda samfurin 280SL yana amfani da inji mai silinda shida irin na 280E da 280SE da suka cika ƙasar nan a da, kanikawa sun san shi, kuma ana iya dacewa da kayansa a Ƙofar Ruwa. Datsun tana da sauƙin gyara, amma ƙarfen jikinta siriri ne. Porsche 911 kuwa, kusan kowane ƙaramin abu nata sai an aiko da shi daga Jamus ko Amurka da kuɗin waje.

Ka kuma lura da ɓangaren da sitiyari yake. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilun 1972, don haka motocin da aka shigo da su kafin nan, da waɗanda aka kawo daga Ingila, da yawansu sitiyarinsu yana dama. Irin wannan mota tana jawo matsala wajen rajista da wajen jami'an hanya, kuma mayar da sitiyarin hagu aiki ne da ba kasafai ake yin sa da kyau ba.

2. Takardu kafin mota

Kafin ka taɓa motar, ka nemi takardar shaidar mallaka, da tsohon lasisi, da takardun kwastam idan shigo da ita aka yi. Sannan ka nemo lambar chasis a jikin motar ka gwada ta da ta takarda, harafi bayan harafi. Lamba mai haruffa da alƙaluma 17 da aka saba gani yanzu ta zama doka ne a Amurka daga 1981, saboda haka kada ka tsorata idan ta tsohuwar mota ta fi haka gajarta. Lambar tana gaya maka ainihin samfurin. A Marsandi, 107042 na nufin 280SL, 107044 na nufin 450SL, 107048 kuma 560SL. A Datsun 240Z mai sitiyari a hagu lambar tana farawa da HLS30. Rubutun da aka manna a bayan but kowa yana iya sauya shi, don haka lambar da aka buga a ƙarfe ita ce abin dogaro. Idan ka ga alamar walda ko goge ƙarfe a kewayen lambar, ka yi sallama ka tafi.

Akwai wata matsala da ta fi yawa a wajenmu, wato motar gado. Sau da yawa ɗaya daga cikin 'ya'yan mamaci ne yake nuna motar, alhali ba a raba gado ba. Ka tambaya cikin ladabi ko an raba, da wanda motar ta faɗa a rabonsa. Idan ba a raba ba, sai dai a sami yardar dukkan magada a rubuce, ko takardar kotun da ta yi rabon. Na taɓa biyan kafin alƙalami a kan wata mota, bayan mako biyu wata 'yar marigayin da ke aure a wani gari ta ce ba da saninta ba, kuma gaskiyarta ce. Kuɗina sun dawo, amma sai bayan wata huɗu ana kai ruwa rana.

3. Lokacin zuwa duba mota

Ka je da safe, tsakanin ƙarfe takwas da goma, lokacin da haske ya wadata kuma rana ba ta yi zafi ba. Ka roƙi mai motar tun da dare kada a tashe ta kuma kada a wanke ta. Jiƙaƙƙen fenti yana ɓoye aibi, injin da aka riga aka ɗumama kuma yana ɓoye wahalar tashi da hayaƙi. Da isarka ka ɗora hannu a kan injin. Idan da ɗumi, ka duba sauran abubuwa, ka sake sa rana don injin. Ka kuma dubi ƙasan inda motar take kwana, domin ɗigon baƙin mai ko na ruwa a kan siminti yana faɗin abin da mai mota ya manta bai faɗa ba.

4. Bodi da tsatsa

A nan za ka ɓata mafi yawan lokacinka. Busasshiyar iskar Kano tana kare ƙarfe, kuma motar da ta yi rayuwarta duka a garin nan takan fi wadda ta zauna a Legas ko Fatakwal lafiyar jiki nesa ba kusa ba. Wadda aka kawo daga Turai ko arewacin Amurka, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ita ce ta fi bukatar bincike. Amma ko 'yar gida ce, idan an bar ta a waje damina bayan damina, ganyen darbejiya da ƙurar hunturu sukan toshe hanyoyin fitar ruwa, ruwan Agusta ya kwanta a ciki ya ci ƙarfe ta ƙarƙashi.

Ka fara tsayawa a kusurwar gaba ka kalli gefen motar a tsaye, kamar yadda kafinta yake duba katako. Duk inda haske ya karkace, an taɓa yin aiki a wurin. Ka gwada tazarar da ke tsakanin ƙofa da bodi a ɓangarorin biyu. A motar da ba ta da rufin ƙarfe, idan tazarar ta matse daga sama ko ƙofar tana gogar jiki wajen rufewa, alama ce ta cewa ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi sun raunana kuma motar ta fara lanƙwasa a tsakiya. Wannan shi ne babban ciwon MGB.

Sannan ka bi da maganaɗisu a ƙasan ƙofofi, da bakin madugadi, da kewayen fitilu, da gindin gilashi. Inda ya ƙi kamawa, an cike wurin da fila, wato ƙullun da masu gyaran bodi ke shafawa a lotsawa kafin fenti. Fila kaɗan ba laifi ba ne a motar da ta haura shekara arba'in. Abin gudu shi ne wurin da faɗinsa ya kai tafin hannu biyu maganaɗisu bai kama ko'ina ba. Na ga wata Datsun ja mai sheƙi kamar a lasa, da muka ɗaga kafet ɗin ɓangaren direba sai muka tarar an shimfiɗa guntun kwanon rufi an daddanne shi da ƙusoshin rifit, an shafe da baƙin kwalta. Ta gefensa ana hango ƙasa. Sai dai ka sani cewa maganaɗisu ba ya kama alminiyam ko roba: Marsandi W113 ta 1963 zuwa 1971 ƙofofinta da bonet da murfin but na alminiyam ne, jikin motar Corvette ta Amurka kuma ba ƙarfe ba ne. A irin waɗannan sai ka ƙwanƙwasa da bayan yatsa ka saurara, domin wurin da aka cike sautinsa a toshe yake.

Ka ɗaga kafet duka, ka fitar da safaya ka duba raminta, ka cire batir ka dubi mazauninsa. A R107 akwai wurin da ba a gani sai an kwance murfin roba da ke ƙarƙashin bonet kusa da gilashin gaba, inda fankar iska take. Idan wurin ya ruɓe, ruwa yana zuba kan ƙafafun direba, kuma gyaransa sai an kwance gaban motar na ciki gaba ɗaya. Ɗanshi ko warin ruma a kafet shi ne alamarsa. A Datsun ka duba dogayen ƙarafa biyu da suka bi ta ƙarƙashin inji zuwa ƙasan kujeru. A Porsche, waɗanda aka yi daga 1976 an shafe jikinsu da sinadarin hana tsatsa tun daga masana'anta, waɗanda suka gabace su kuwa sai an bi su a hankali.

Daga nan sai ƙarƙashi. Mafi kyau a kai motar gareji mai rami. Idan ba ta tashi, a ɗaga ta da jak a tokare da ƙarafa, kuma kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko wadda aka tokare da bulo. Idan babu abin tokarewa, ka kwanta a gefe ka yi amfani da madubi, ko ka tura wayarka ta ɗauki hoto. Da izinin mai motar, ka danna bakin sukudireba a duk inda ka ga ƙarfe ya kumbura. Sabon baƙin fenti mai kauri a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tuhuma ne. A Marsandi ka haska ƙarfen da ke ɗauke da inji da ƙafafun gaba, domin an san shi da tsagewa a inda hannun ƙafa yake ɗaure.

5. Inji

Da farko ka tabbatar injin nata ne. A ƙasar nan ba abin mamaki ba ne ka buɗe bonet ɗin Marsandi ka tarar da injin Toyota. Motar za ta yi tafiya, amma darajarta a wajen masu neman irin waɗannan motoci ta faɗi ƙwarai, don haka farashin ma dole ya faɗi. A 240Z an rubuta lambar inji a kan farantin da ke cikin ɗakin injin, sai ka gwada ta da wadda aka buga a jikinsa.

Idan motar ta yi shekaru a ajiye, kada ka sa batir ka murza makulli. Tsohon fetur yakan zama kamar ƙaro, warinsa kamar na fentin katako, kuma yana toshe kafireto. Ya fi yin ɓarna a tsarin fesa fetur cikin inji mai suna Bosch K-Jetronic, da ke maye gurbin kafireto a wasu Marsandi da Porsche, wanda gyaransa ke da tsada kuma masu iya shi kaɗan ne. A cire fulogai, a ɗiga ɗan baƙin mai a kowane rami, a juya injin da hannu da sifana. Idan ya juya, a ba shi fetur daga galan, a bar tankin. Ka leƙa cikin tukunyar iska da bayan inji, domin ɓeraye suna yin sheƙa su ci waya, zanzaro kuma yana gina ɗakinsa a duk ramin da ya samu.

Ka zaro sandar auna mai ka goge a farin tsumma, ka buɗe murfin da ake zuba baƙin mai. Idan ka ga abu kamar madara ko kunun gyaɗa, ruwa yana haɗuwa da mai, galibi gasket ya ƙone. Ka buɗe lagireto tun injin yana sanyi: jan ruwa mai laka yana nuna an daɗe ana zuba ruwan rijiya zalla, wanda ke cinye kan injin alminiyam. Ka tambaya ko an cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, domin al'ada ce a garejinmu, kuma sau da yawa ana cire shi ne don a ɓoye zafin da wani abu dabam ke jawowa. Porsche 911 ta wancan zamani ba ta da lagireto, iska da mai ne ke sanyaya ta, kuma ana auna manta ne injin yana aiki bayan ya yi zafi.

Lokacin tashi, kai ka tsaya a baya wajen salansa, bakanike ya tsaya a kan inji. Shuɗin hayaƙi mai ne yake ƙonewa, baƙi fetur ne ya yi yawa, fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan injin ya ɗumama kuwa ruwa ne. A Marsandi mai silinda takwas, ƙarar sarƙa na daƙiƙa biyu ko uku a farkon tashi gargaɗi ne cewa sarƙar tayimin da robobinta sun gaji. Wasu 380SL na farkon shekarun 1980 sarƙa mai layi ɗaya aka sa musu maimakon biyu. A ƙarshe a auna komfureshan. Abin da ake nema shi ne silindodin su yi kusa da juna, bambancin kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Idan babu ma'auni, ka jera fulogan a kan kwali bisa tsarinsu, wanda ya fita daban da baƙin maiƙo ya nuna maka silindar da ke da matsala.

6. Abin da rana ta ci

Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana busar da roba da fata. Ka matsa kowane tiyo da hannu, musamman na fetur da na birki, wanda ya yi tauri ko ya tsattsage sai an sauya shi kafin a hau titi. Ka duba robobin gilashi da na ƙofa, da tsagewar dashbod. Ka ƙirga ƙananan kayan ado, fitilu, tambari da maɓallai, domin su ne suka fi wuyar samu. Idan Marsandi ce, ka tambayi rufin ƙarfenta da ake cirewa, ka kuma buɗe na tamfol ka gani. A jikin taya akwai alƙaluma huɗu a ƙarshen lambar da ke farawa da haruffan DOT: 2315 na nufin mako na 23 na shekarar 2015. Idan uku ne kawai, an yi tayar kafin 2000. Kada ka dogara da mitar tafiya, domin mai alƙaluma biyar tana komawa sifiri bayan 99,999, ta Marsandi kuma haƙorin robarta yakan karye ta tsaya. Lalacewar robar feda da kujerar direba sun fi ta gaskiya.

7. Gwajin tafiya

Ka gwada birki tun a cikin gida kafin a buɗe ƙofa. Ka fara da layin unguwa mai gargada don ka ji ƙarar ƙafafu da shokozoba, sannan ka hau buɗaɗɗen titi irin Eastern Bypass. Ka sassauta riƙon sitiyari ka ga ko tana ja gefe. A mai kuloci, ka sa babbar giya a ƙaramin gudu ka taka totur: idan ƙarar inji ta hau gudu bai ƙaru ba, kulocin ya ƙare. Bayan haka ka bar ta tana aiki a tsaye na minti goma sha biyar kana kallon allurar zafi, domin motar da ba za ta jure cunkoson Kantin Kwari ba a nan za ta nuna. Idan ba ta da lasisi ko tayoyinta sun mutu, ka taƙaita a harabar gida, ka yi tayi a matsayin motar da ba a gwada ba.

8. Ciniki da ɗauko mota

Ka koma gida ka kwana kafin ka taya. Ka zauna da bakanike da mai bodi ku rubuta duk abin da aka gani da kuɗin gyaransa, ka binciki farashin kayan da za a aiko daga waje har da kuɗin dako. Ni nakan ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da na tanada don gyaran shekarar farko. Ka je da takardar ka nuna wa mai motar, amma kada ka kushe ta a gabansa, domin sau da yawa motar mahaifinsa ce, kuma kushe yana sa a ce maka albarka ko da tayinka ya yi. Ku daidaita a kan la'adar dillali tun kafin a sallama.

A rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar chasis da ta inji, da farashi, da sa hannun shaidu biyu, a biya ta banki. Ka karɓi makullai duka, da littattafanta, da duk kayanta da ke jibge a sito, ko da sun yi kama da shara. Ka ɗauko ta a kan motar ɗaukar motoci, kada a ja ta da igiya, musamman mai giyar otomatik. Kai tsaye gareji za ta, a sauya baƙin mai, man giya, man birki, ruwan lagireto, tiyoyin fetur da tayoyi, a sauke tanki a wanke. Yayin da ake wannan aiki, kai kuma ka kai takardun ofishin lasisi a mayar da su sunanka, ka yi inshora, sannan ka sayi abin kashe gobara ka ajiye a bayan kujerar direba kafin ranar da za ka fara fita da ita.